Daga Sakkwato Zuwa Maiduguri Ta Jirgin Sama: Nisa Nawa, Awa Nawa?

Ɗalibai da yawa sun ɗauki darasin latitud da lonjitud a kan abin haddacewa ne kawai domin jarrabawar WAEC da NECO, a rubuta a fita, a manta. A wannan shafi za mu ɗauki darasin mu sa shi aiki. Ga tambayar: mutum yana aiki a Sakkwato, aka aiko masa cewa mahaifiyarsa tana kwance a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, jiki ya yi tsanani. In ya sayi tikitin jirgin sama, yaushe zai isa bakin gadonta? A nan Kakuri, Barnawa, Narayi da Sabon Tasha akwai gidaje da dama waɗanda asalinsu Borno ne ko Adamawa, 'ya'yansu kuwa aikin soja ko koyarwa ko bautar ƙasa ya kai su Sakkwato da Kebbi. Saboda haka tambayar ba ta cikin littafi kaɗai ba ce.

Ku ɗauko fensir da takarda da littafin taswira. Mai kalkuleta ya ɗauko, marar ita kuma littafin nan na teburorin lissafi ya isa.

Mu fara da nisa

Zagayen duniya wajen kilomita 40,000 ne. An raba da'irar kashi 360, kowane kashi shi ne digiri ɗaya. Raba 40,000 gida 360, za ka samu kilomita 111 da 'yan kai. Watau in ka yi tafiyar kilomita 111 ka miƙe arewa sak, ka ƙara digiri ɗaya na latitud. Kowane digiri kuma an sake raba shi kashi 60, ana kiran kowane kashi minti. A kula, wannan mintin na awon fili ne, ba na agogo ba.

Filin jirgin sama na Sakkwato, wanda yake ɗauke da sunan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, yana kan latitud 12°55' arewa, lonjitud 5°12' gabas. Na Maiduguri, wanda aka sa wa sunan Muhammadu Buhari a 2023, yana kan 11°51' arewa, 13°05' gabas.

Na farko, bambancin arewa da kudu. Ɗebe 11°51' daga 12°55', saura 1°04', watau digiri 1.07. Sau 111 ya ba mu kilomita 118. Maiduguri ta fi Sakkwato gangarowa kudu da wannan gwargwado.

Na biyu, bambancin gabas da yamma. Ɗebe 5°12' daga 13°05', saura 7°53', watau digiri 7.88. To, a nan ne yawancin ɗalibai suke faɗawa rami. Sukan ninka da 111 kai tsaye su samu 875, su ja layi a ƙarƙashi. Ba haka ba ne. Layukan latitud ba su taɓa haɗuwa, tazararsu ɗaya ce ko'ina. Amma layukan lonjitud kamar ɓarin lemo suke: a tsakiya suna da faɗi, suna ta tsukewa har su haɗu a ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. A kan Ikwaita ne kaɗai digiri ɗaya na lonjitud yake cika kilomita 111. A wani wuri dabam sai an ninka 111 da kosain na latitud ɗin wurin.

Tsakiyar latitud na garuruwan nan biyu 12°23' ne, kosain ɗinsa kuwa 0.977. Saboda haka digiri ɗaya na lonjitud a can kilomita 108.4 ne. Sau 7.88 ya ba mu kilomita 854. Wanda ya manta da kosain ya yi kuskuren kilomita 21. Wani zai ce ai bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne, domin muna kusa da Ikwaita. Amma a latitud 60°, wajen birnin Oslo na ƙasar Norwe, kosain rabi ne cif, wanda ya manta da shi amsarsa za ta ninka ta gaskiya sau biyu. Masu shirya jarrabawa sun san wannan, shi ya sa suke son 60° ƙwarai.

Yanzu muna da alwatika mai kusurwa tsayayya: gefe ɗaya 854, ɗayan 118. Nisan da muke nema shi ne dogon gefen, ƙa'idar Fitagoras kuwa ita ce mabuɗi. 854 sau 854 ya ba da 729,316. 118 sau 118 ya ba da 13,924. A tara su, 743,240. Wace lamba ce in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan? 862. Nisan Sakkwato da Maiduguri a miƙe, yadda shaho zai bi, wajen kilomita 860 ke nan.

Wannan dabara ta ɗauki fuskar ƙasa kamar shimfiɗaɗɗiyar tabarma ce. A cikin Nijeriya ba laifi, kuskuren ƙanƙane ne. Amma kada wani ya gwada ta tsakanin Kano da Landan. A doguwar tafiya irin wannan sai an bi lissafin babbar da'ira, abin da za ka gani da idonka in ka ja zare tsakanin garuruwa biyu a kan ƙwallon taswirar duniya da yake ɗakin karatu.

Ku aza rula a kan taswira ku ga inda layin ya bi. Ya tashi daga Sakkwato ya ratsa Zamfara, ya wuce tsakanin Katsina da Kano, ya gifta ta kusa da Haɗeja, ya bi ta arewacin Damaturu, sa'an nan ya faɗa Maiduguri.

Matuƙan jirgi ba da kilomita suke awo ba, da mil na teku suke yi. Mil ɗaya na teku kilomita 1.852 ne, daidai da minti ɗaya na latitud, abin da ya sa yake da sauƙin aiki a kan taswira. A bakinsu tafiyar nan mil 465 ce.

Kafin mu bar lonjitud, ga wani abu. Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, watau digiri ɗaya cikin minti 4 na agogo. Digiri 7.88 sau 4 ya ba da minti 31 da rabi. Rana tana riga fitowa a Maiduguri da wajen rabin awa, tana kuma riga faɗuwa. Maƙwabtanmu Musulmi sun san wannan sarai, gama a watan azumi mutanen Maiduguri sukan sha ruwa na Sakkwato suna nan suna duban rana. Amma agogon Nijeriya ɗaya ne daga iyaka zuwa iyaka, saboda haka ba a ƙara ko a rage kome a lokacin da aka rubuta a tikiti. Mai zuwa gabas da la'asar dai ya sani duhu zai riske shi da wuri.

Sa'an nan lokaci

Ƙa'idar tun daga firamare muka san ta: raba nisa da gudu, ka samu lokaci. Babban jirgin jet irin Boeing 737 yakan yi wajen kilomita 800 a awa in ya daidaita a sama. 862 a raba da 800 ya ba da 1.08, watau awa 1 da minti 5. Jirgin fasinja mai farfela biyu, mai gudun kilomita 500, zai ci awa 1 da minti 43. Ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, mai ɗaukar mutum biyar ko shida, a gudun kilomita 250, zai ci awa 3 da minti 27.

A lura da wani tuntuɓe. Awa 1.08 ba awa 1 da minti 8 ba ne. Sai an ninka 0.08 da 60 kafin a samu minti.

In a ɗakin jarrabawa ne, an gama. In kuwa mai tafiya ne yake tambaya, yanzu aka fara. Jirgi ba ya tashi da gudun 800. Zai bar inda ya ɗauki fasinja ya gangara a hankali zuwa bakin titinsa, ya jira izini daga hasumiya, ya tashi, ya yi ta hawa wajen minti 20 kafin ya kai inda zai saki gudu. Da sauran fiye da kilomita 150 ya isa zai fara saukowa yana rage gudu, wani lokaci ma sai ya kewaya domin ya fuskanci iska kafin ya taɓa ƙasa. Ba kuma lalle ne ya bi layin rularmu ba, gama sama ma tana da hanyoyinta da aka shata. In muka ƙara minti 25 domin waɗannan duka, awa 1 da minti 5 ya zama awa ɗaya da rabi.

Sai iska. Jirgi a cikin iska yake iyo, kamar kwalekwale a Kogin Kaduna. Gudunsa a cikin iska dabam, gudunsa a bisa ƙasa dabam. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, iskar da take kusa da ƙasa daga arewa maso gabas take busowa, ƙaramin jirgin da ya nufi Maiduguri kuwa da ita zai yi ta kokawa. Mu ƙaddara tana tura shi baya da kilomita 50 a awa. Gudunsa a bisa ƙasa ya koma 200, tafiyar ta zama awa 4 da minti 19. A dawowa iskar tana bayansa, gudunsa 300, awa 2 da minti 52.

Ga tambayar da nake so kowane ɗalibi ya tsaya a kai. Abin da iska ta ƙwace a zuwa, ta mayar a dawowa? Tara su: awa 7 da minti 11. In babu iska, awa 3 da minti 27 sau biyu, awa 6 da minti 54. An yi hasarar minti 17. Dalili shi ne jirgin ya fi daɗewa a cikin iskar da take cutarsa fiye da wadda take taimakonsa. Iska ba ta biyan bashi cikakke.

Hunturu yana da wata matsala da ta fi wannan. Ƙurar da take tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi takan rufe Arewa har matuƙi ya kasa hangen titin sauka. In hazo ya kai haka, sai a jinkirta tashi ko a soke shi ɗungum, wani lokaci kwana biyu ko uku a jere. Wannan kuwa yakan faɗo daidai lokacin da jama'armu suke tafiya gida Kirsimeti. Da damina kuma hadari ne yake sa jirgi ya kauce ko ya yi ta shawagi yana jira.

Domin haka ba a zuba wa jirgi man kilomita 862 cif. Doka ta ce sai ya ɗauki na isa inda za shi, da na zuwa wani fili dabam in wancan ya ƙi saukuwa, da na jira a sama bayan wannan. A Arewa, inda filayen suke nesa da juna, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsakanin filin Kano da na Sakkwato akwai wajen kilomita 370. A watan Yuni 1991 wani jirgin kamfanin Okada da ya nufi Kano ya juya zuwa Sakkwato saboda lalacewar yanayi, mai ya ƙare masa kafin ya samu sauka, ya faɗo a daji kusa da garin, aka yi hasarar rayuka. Lissafin da muke yi a allo, a hannun matuƙi ran mutane ne.

Hanyar da ba ta cikin taswira

Duk abin da muka yi har yanzu mun ɗauka akwai jirgin da zai tashi daga Sakkwato ya miƙe Maiduguri. Mai neman tikiti kuwa abin da akasari zai tarar shi ne jirgin Sakkwato Abuja yake zuwa, na Maiduguri ma daga Abuja yake tasowa. Sai ya gangara kudu tukuna, sa'an nan ya sake hawa arewa.

Filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja yana kan 9°00' arewa, 7°16' gabas. Ku bi matakan da muka bi ɗazu, za ku samu Sakkwato zuwa Abuja kilomita 490, Abuja zuwa Maiduguri kuma 710. Jimla 1,200. An ƙara wajen kilomita 340 a kan miƙaƙƙiyar hanya. Har ma ya zarce nisan hanyar mota ta Gusau, Kano, Potiskum da Damaturu, wadda take wajen kilomita 1,100.

Yanzu gwada Kano. Filin Malam Aminu Kano yana kan 12°03' arewa, 8°31' gabas. Sakkwato zuwa Kano 372, Kano zuwa Maiduguri 497, jimla 869. Ƙarin bai kai kilomita 10 ba! In da taswira ce take tsara zirga-zirgar jirage, da Kano ce mahaɗar Arewa, ba gardama. Dā ma haka abin ya faro. Jiragen sama na farko da suka shigo ƙasar nan, guda uku na mayaƙan saman Ingila a ƙarƙashin Arthur Coningham, sun taso daga kusa da Alƙahira a 1925 suka biyo ta Sudan da Cadi, suka sauka Maiduguri da Kano, suka ƙaraso har nan Kaduna. A 1936 jirgin fasinja da wasiƙu ya fara bin wannan layi daga Khartum zuwa Kano. Hanyar sama ta farko a Nijeriya daga gabas zuwa yamma ta bi.

Me ya juya ta? Fasinja. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaura zuwa Abuja a Disamba 1991, masu iya sayen tikiti can suka fi nufa, ko Legas. Kamfanin gwamnati, Nigeria Airways, wanda yakan haɗa manyan biranen jihohi, ya daina aiki a 2003. Kamfanin ɗan kasuwa mai jirgi mai kujera fiye da 100 ba zai tashi da mutum goma sha biyar ba don kawai layin ya fi miƙewa. Ba na ganin laifinsa, amma a ganina hasara ce ga Arewa a ce biranenta biyu na iyaka ba su iya gaisawa sai ta hannun Abuja.

Bari mu koma wurin mutuminmu mai mahaifiya a asibiti, mu ƙirga masa daga ƙofa zuwa ƙofa. Lambobin jira na misali ne, kowa yana iya sa nasa. Daga gida zuwa filin jirgi, minti 30. Isa da wuri domin awon kaya da bincike, awa ɗaya da rabi. Sakkwato zuwa Abuja, awa 1. A Abuja zai karɓi kayansa ya sake shiga layi, musamman in kamfanonin biyu dabam ne. Mu ba shi awa 3, in ya yi sa'a. Abuja zuwa Maiduguri, awa 1 da minti 20. Karɓar kaya da shiga gari, minti 45. Jimla awa 8 da minti 5, a ciki kuwa zamansa cikin jirgi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. In kuma jirgin Maiduguri ya riga ya tashi kafin na Sakkwato ya sauka, sai kwana a Abuja, da kuɗin masauki, tafiyar awa ɗaya da rabi ta zama ta kwana biyu.

Motar fa? Kilomita 1,100 a matsakaicin gudun 70 ya kusa awa 16, ban da tsayawa cin abinci da shingayen bincike. Saboda matsalar tsaron da ta addabi Borno da Yobe tun 2009, matafiya ba su bin hanyar Damaturu zuwa Maiduguri da dare, hanyar Zamfara ma ba a wasa da ita. Kwana a Kano ya zama dole. Jirgi ya fi sauri, ya kuma fi kwanciyar rai, in akwai kuɗin tikiti biyu. Amma kafin mutum ya biya, tambayar da ta fi muhimmanci ba gudun jirgin ba ce. Ya tambayi ƙarfe nawa na farko yake sauka Abuja, ƙarfe nawa na biyu yake tashi, ko kuma yana tashi a ranar ma.

Abin mamaki, ƙaramin jirgin nan mai gudun 250, in ya miƙe ya tsaya shan mai a Kano, zai riga jet mai gudun 800 da ya bi ta Abuja isa da awoyi. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin mishan suka riƙi ƙananan jirage tun shekarun 1940. Asibitin SIM da yake Galmi a Jamhuriyar Nijar, wanda aka buɗe a 1950, yana da ɗan titin jirginsa, domin likita ko majinyaci ya sauka a bakin asibiti ba sai ya bi ta babban birni ba. Sai dai hayar irin wannan jirgi ba ta aljihun malamin makaranta ba ce.

Mu a nan kudancin kogi muna da namu misali a ƙofar gida. Filin jirgin Kaduna yana kan 10°42' arewa, 7°19' gabas. Ku duba lonjitud ɗinsa da na Abuja, minti 3 ne kawai tsakani, kusan layi ɗaya suke. Ba ma bukatar Fitagoras: 1°42' digiri 1.7 ne, sau 111, kilomita 189. A gudun 800 minti 14 ke nan, jirgin ba zai gama hawa ba zai fara sauka. Amma mutumin Sabon Tasha da yake son wannan minti 14 sai ya juya wa Abuja baya tukuna, ya haye kogi ya yi arewa har ya wuce Mando, alhali hanyar Abuja ga ta nan a Gonin Gora. An ga wannan lissafi a fili a 2017, sa'ad da aka rufe filin Abuja mako shida, daga Maris zuwa Afrilu, domin gyaran titin jirgi, aka karkato jiragen zuwa Kaduna. Wanda ya taso daga Legas cikin awa ɗaya sai ya ƙara awa biyu ko uku a mota, ko a jirgin ƙasa daga Rigasa, kafin ya ga Abuja.

Ga aikin hutu domin 'yan SS 2 da SS 3. Filin jirgin Yola yana kan 9°15' arewa, 12°26' gabas. Ku nemi nisansa daga filin Kaduna, da kosain na 10°. Ku nemi lokacin da jirgi mai gudun 500 zai ci, da iska mai kilomita 40 a gabansa, da kuma ita a bayansa. Sa'an nan ku lissafta ƙarin nisan in ya bi ta Abuja, ku faɗi minti nawa rana take riga fitowa a Yola. Wanda ya samu nisan farko tsakanin kilomita 575 da 590 yana kan hanya. A kawo aikin wurin malamin labarin ƙasa a makon farko na sabon zango, da dukan matakan a rubuce.